Sharhi: Tsohon Katako, Jarin Da Ake Ƙonawa A Murhu

Duk ɗan kasuwar da ya shiga Dei-Dei a Abuja ko 'yan katako na Na'ibawa a Kano domin sayen kayan kafa rumfa, ya san cewa katako ya yi tsada, kuma nagarinsa ya yi wuya. Dazuzzukan da ake dogaro da su sun ja baya. Hasali ma, sarar madobiya a jihohi irin su Taraba ta kai matsayin da a shekarar 2018 aka dakatar da cinikinta daga Nijeriya a ƙarƙashin yarjejeniyar CITES.

Amma duk da haka, katakon da magina suka gama zuba kankare da shi, da wanda ake ɗora kaya a kansa a tashar jiragen ruwa ta Apapa, da na rufin gidajen da aka rushe, sau da yawa a murhun masu tuyar ƙosai yake ƙarewa. Wannan asara ce, domin tsohon katako ya riga ya bushe, ba ya lanƙwashewa kamar ɗanyen da aka fito da shi daga injin jiya. Ya isa a yi rumfar kasuwa, da benci, da shinge, da akurkin kaji.

Sai dai araha ba ta ado. Ƙusa ɗaya da ta ɓuya a ciki tana iya karya haƙoran zarto, kuma wanda gara ta ci cikinsa ba ya ɗaukar nauyi. Bugu da ƙari, katakon ɗora kaya da ya shigo daga ƙetare yana ɗauke da hatimi: HT na nufin da zafi aka kashe ƙwarinsa, MB kuwa da hayaƙin guba. Tsofaffin turakun lantarki da katakon layin dogo su ma sun sha magani, saboda haka ba su dace da teburin abinci ko murhu ba. Wanda za a kafa a waje kuma, wajibi ne a ɗaga shi daga ƙasa bisa dutse ko siminti, a shafe shi da maganin gara kafin damina.

A nan ne damar ciniki take. Abin da ya rage shi ne a sami dillalan da za su riƙa saye daga 'yan kwangila, su cire ƙusa, su ware mai kyau da na ƙonawa, su sa wa kowane farashinsa. Ya kamata ƙungiyoyin 'yan katako su ware wa wannan sana'a fili, su kuma hana sayar da ruɓaɓɓe da sunan nagari. Rumfa ɗaya da ta rufta wa mai shago ta isa ta kashe kasuwar baki ɗaya.