Batir na biyu ba ya haifar da wuta

Wani marubuci ya ce maganin motar da fitilunta ke lumshewa idan kiɗa ya buga shi ne a ƙara batir na biyu, tunda wutar ajiya ce ta gaza. Gaskiya ne batir yana tare gibi na ɗan lokaci.

To, wa zai cika batirin? Batir rumbu ne, dinamo ne gona. Dinamon ƙaramar mota yakan bayar da amfiya 70 zuwa 90, amma amfili (na'urar ƙara sauti) mai wat 1000 shi kaɗai yana iya jan kusan 80 idan an ƙure shi. Me ya rage wa fitilu da fanka?

Kuma ya masu tallar magani da masu biki da ke kunna amfili a mota ke yi a Tahoua? Tsaye suke, inji na numfashi a hankali, lokacin da dinamo ya fi rauni. Ga zafin Afirilu da ke wuce digiri 40, yana ƙara rage masa ƙarfi.

Marubucin bai ce a auna ba, nan ne ya fi ba ni mamaki. Inji na aiki, ya kamata mita ta nuna bolt 13.8 zuwa 14.4. Idan bayan dinamo ya nuna 14, kan batir ya nuna 13, wutar a hanya take zubewa: siririyar waya, ko tsatsa inda aka ɗaure waya da jikin mota. Motar da ke bin hanyar Abalak kuwa, girgiza ta isa ta kwance mata kusoshi, bel ya saki.

A sa wayoyi masu kauri, a kankare mahaɗa, a ɗaure bel. Idan har yanzu ƙasa da 13 mita take nunawa, babban dinamo ake nema.