Ruwa ba ya tsami banza: a auna rijiyoyin gefen juji

Ƴan uwa maza da mata na Maradi, Madarunfa, Ɗan Isa da Gidan Rumji,

Da wuya ka samu gari a jaharmu da babu tsohon kududdufi wanda aka haƙa don ƙasar gini, yau ya koma juji. Nan amalanke da motocin shara ke juye kayansu: leda, matattun batura, ƙazantar mahauta, ragowar magunguna, har da abin da aka yaso daga masai. Da rani, wari da hayaƙi ne ke damun maƙwabta. Da damina kuwa ruwan sama yana ratsa tulin, ya tsatso baƙi ƙirin kamar ruwan karofi. Wani ya bi kwata ya faɗa gulbi, wani ya nutse cikin ƙasa. Ƙasar kwarin gulbi rairayi ce, ba ta tare ruwa, kuma rijiyoyin fadama ba su da zurfi. Abin da aka zubar a juji bana, yana iya fitowa cikin guga baɗi.

Ido ba ya gane wannan. Ruwa na iya zama garau, babu wari, babu ɗaci, alhali da guba a ciki. Mutanen Tibiri sun san haka. A shekarar 1985 aka fara ba su ruwan wata rijiyar burtsatse mai zurfi, aka kwashe fiye da shekara 10 ana sha, ashe sinadarin fuloraid ya yi yawa a ciki. Ɗaruruwan yara suka tashi da haƙora masu tsatsa da ƙafafu a lanƙwashe, wasu sun nakasa har abada. Wancan sinadarin daga duwatsun ƙarƙashin ƙasa ya fito, babu ruwan juji a ciki, amma darasin ɗaya ne: da ana auna ruwan a kai a kai, ana faɗa wa jama'a sakamako, da ɓarnar ba ta kai haka ba.

Ma'aunin ma ba ɓoyayye ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada sinadarin nitirat ya wuce miligiram 50 cikin lita ɗaya ta ruwan sha, kada dalma ta wuce miligiram 0.01, kuma kada a samu ƙwayar cutar da ke fitowa daga bayan gida ko guda cikin mililita 100. Nitirat yana hana jinin jariri ɗaukar iska. Dalma tana daƙushe ƙwaƙwalwar yaro, ya je lakwal ya kasa riƙe karatu. Uwa za ta ce ai tana tafasa ruwa. Tafasawa tana kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ta fidda nitirat ko dalma. Kuma ba mu manta da 2018 ba, lokacin da amai da zawo ya ɓarke daga gundumar Madarunfa, ya kama mutum fiye da 3,000, ya kashe fiye da 70. Cuta ce mai bin ruwan da ƙazanta ta shiga.

Mu mazauna bakin iyaka, abin ya shafe mu ta fuska biyu. Gulbin Maradi daga ƙasar Katsina yake fitowa, ya bi ta Jibiya ya shigo mana, ya zagaya ta Tibiri da Gidan Rumji, ya koma Najeriya ya haɗu da gulbin Rima. Ruwa ba ya tsayawa a duwan. Abin da aka zuba a sama mu ke sha, abin da muka zuba ƴan uwanmu na ƙasa ke sha.

Aya ta 12 ta tsohon kundin tsarin mulkin 2010 ta ce kowane ɗan Nijar yana da haƙƙin ruwan sha mai tsabta. A 2014 an kafa dokar hana ledar da ba ta ruɓewa. Ku dubi juji ku gani ko ana bin ta. Ana karɓar kuɗin kasuwa da na tasha kullum. To, wane ne a cikinku ya taɓa ganin takardar awon ruwan rijiyar unguwarsu a liƙe a ƙofar ofishin magajin gari?

Ga abin da ƴan takararmu suka ɗauki alkawarin yi in kun ba su kujerun majalisar gari:

1. A kowane babban juji za a haƙa rijiyoyin awo, ɗaya ta inda ruwan ƙasa ke fitowa, biyu ko uku ta inda yake gangarawa. Da an gwama sakamakon, za a san ko jujin ne ke ɓata ruwan.

2. Za a ɗebi ruwan waɗannan rijiyoyi, da na rijiyoyin gidaje mafi kusa, da na gulbi da tabkin Madarunfa, aƙalla sau biyu a shekara: kafin ruwan farko da bayan ɗaukewar damina.

3. Za a liƙa sakamakon da Hausa da Faransanci, a karanta shi a rediyo, a ba masu unguwa da limamai.

4. Rijiyar da aka samu ta ɓaci, za a sa mata alama a rufe, a kawo wa unguwar ruwan pampo ko tanki kafin a gyara.

5. Ba za a sake buɗe juji a kududdufi ko a bakin fadama ba. Sabon wuri sai nesa da rijiyoyi, a daɓe ƙasansa da laka mai kauri.

6. Za mu nemi zama da hukumomin Jibiya domin a riƙa musayar sakamakon awon gulbi.

Za a ce babu kuɗi. Kuɗin awon shekara guda bai kai na bikin tarbar babban baƙo ɗaya ba, balle na jinyar unguwa guda in annoba ta shigo.

Duk ɗan takarar da ya zo ƙofarku neman ƙuri'a, namu ne ko na masu mulki, ku ɗebo masa ruwan rijiyarku a moɗa, ku tambaye shi yaushe aka auna shi. Ranar zaɓe ku fito da katinku, ku zaɓi waɗanda suka rubuta alkawarinsu a takarda. Ku adana wannan takarda domin ku tuhume mu da ita.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya.