Onarabul na zuwa suna da jana'iza, to a majalisa fa?

A unguwanninmu na Zango, daga Nima da Mamobi har Aboabo da Sawaba, in aka tashi yabon ɗan majalisa magana ɗaya ce: mutumin kirki ne. Ya zo ɗaurin aure, ya zo suna, ya zauna a addu'ar bakwai har aka shafa. Da azumi ya aiko da shinkafa da sukari, wata tsohuwa ta samu kujerar Makka ta hannunsa. Ni ban raina ko ɗaya daga ciki ba. Wanda aka biya wa kuɗin asibiti da tsakar dare shi ya san daɗin abin. Amma aikin da muka bi layi tun asuba muka dangwala masa ƙuri'a dominsa yana Akra, cikin zauren majalisa, kuma a nan ne muka fi rashin sanin abin da yake yi. Kwana nawa ya zauna? Wace tambaya ya yi wa minista? Da aka zo kan dokar da ta taɓa aljihunmu, e ya ce ko a'a?

Ta ƙarshen nan ita ce mai wuyar amsa, kuma ba sakacinmu kaɗai ya jawo ba. Majalisar Ghana, mai kujeru 276, galibin hukuncinta da murya ake yanke shi. Kakaki ya ce masu goyon baya su ce e, a yi ihu. Masu ƙi su ce a'a, a yi ihu. Sai ya auna da kunnensa, ya ce waɗannan sun rinjaya, ya buga guduma. Shi ke nan, magana ta wuce, ba a rubuta sunan kowa ba. Onarabul ɗinka yana iya ɗaga murya, yana iya yin shiru yana latsa waya, yana ma iya kasancewa a waje yana hira, duk takarda ɗaya za ta fito. In wani ya ƙalubalanci kunnen kakaki ana iya ƙirga kawuna, ko a raba zaure a rubuta kowa da ɓangaren da ya bi, sai dai ba kasafai ake kaiwa nan ba.

Ku tuna harajin MoMo, wato E-levy. Babu mai sayar da koko ko waakye da bai ji zafinsa ba. A watan Disambar 2021 har dambe aka yi a kansa cikin zaure, duniya na kallo. Ranar 29 ga Maris 2022 aka zartar da shi a kan kashi 1.5 cikin 100, bayan 'yan NDC sun fice. Daga baya gardamar ta koma kan mutum nawa ne ma ke zaune lokacin da aka yi ihun, har aka dangana da Kotun Ƙoli. An rage harajin a 2023, an soke shi a 2025. Amma ka duba: doka ce da ta shiga wayar kowa, majalisar kuma kunnen doki ce a lokacin, NPP 137, NDC 137, ga ɗan takara mai zaman kansa guda, duk da haka an rabu ana musu a kan wa ke ciki wa ke waje.

Wani zai ce ai ba sai an rubuta suna ba, kowa jam'iyyarsa yake bi. Wannan ne ban yarda da shi ba. A 2023 uwar jam'iyyar NDC ta umarci 'yan majalisarta da su ƙi amincewa da sababbin ministocin da Shugaba Akufo-Addo ya aiko, cikinsu har da K.T. Hammond da Bryan Acheampong. Aka yi ƙuri'ar sirri. Da aka ƙirga, ministocin sun samu ƙuri'u fiye da yawan 'yan NPP gaba ɗaya. Ma'ana wasu sun faɗi abu ɗaya a gaban kyamara, suka yi wani a bayan labule. Aka yi ta rantse-rantse da nuna wa juna yatsa. To in shugabannin jam'iyya ma an yi musu haka, kai da ke zaune a Sabon Zango fa?

Ɗauki Alhaji Muntaka Mubarak na Asawase, wanda yake majalisa tun zaɓen cike gurbi na 2005. Babu mai cewa shi ɗan ɗumama kujera ne, ya yi shekaru yana bulaliyar jam'iyyarsa a zaure, yanzu kuma shi ne ministan cikin gida. Amma ka tare matasa a majalisar shayi ka ce me suka sani na aikinsa, yawanci hoto ɗaya za su kawo maka: daren 7 ga Janairun 2021, lokacin zaɓen kakaki, da Carlos Ahenkorah ya wafce takardun ƙuri'a ya ruga, Muntaka ya bi shi da gudu. Abin a tuna ne, ba shakka. Sai dai shekara 20 na zaman kwamiti da muhawara da kasafin kuɗi sun fi ƙarfin bidiyon minti ɗaya. In mai yawan magana irinsa ma haka muka san shi, to wanda ba a taɓa jin muryarsa ba fa, da me muke auna shi?

Alhali akwai abin aunawa. Duk kalmar da aka furta a zaure ana rubuta ta cikin kundin da ake kira Hansad. Kowace ranar zama ana fitar da takarda mai jera sunaye: waɗanda suka zo, waɗanda ba su zo ba da izini, da waɗanda suka ɓace babu izini. Takardar tsarin aikin yini tana nuna wa ya aika wa wane minista tambaya. Ƙungiyar Odekro ta taɓa tattara irin waɗannan bayanai ta fitar da rahoto kan halartar 'yan majalisa. Kundin tsarin mulki na 1992, sashe na 97, ya ce wanda ya yi fashin zama 15 babu rubutaccen izinin kakaki, ya kuma kasa ba da gamsasshen dalili, ya rasa kujerarsa. A 2022 an tura Adwoa Safo da Kennedy Agyapong da Henry Quartey gaban kwamiti a kan haka. Babu wanda ya sauka. Adwoa Safo ta ci gaba da riƙe kujerar Dome-Kwabenya, sai a zaɓen fid da gwani na 2024 wakilan jam'iyyarta suka kayar da ita. Majalisa ba ta son hukunta nata, aikin ya rage wa masu ƙuri'a.

Mu kuwa, da muke tsiraru a ƙasar nan, mun fi kowa bukatar sanin abin da ake yi da sunanmu. Dokar auren Musulmi da ake aiki da ita ta 1907 ce, tun zamanin Turawa. Ta ce cikin mako guda da ɗaura aure, ango da waliyyin amarya da shaidu biyu da limami mai lasisi su je a yi rajista. Don Allah, aure nawa aka ɗaura a masallacinku bara da aka bi wannan hanya? Wanda ba a yi wa rajista ba, doka ba ta kallonsa a matsayin auren Musulunci, sau da yawa kotu auren gargajiya take ɗaukarsa. Ba a jin nauyin abin sai mai gida ya rasu bai bar wasiyya ba, a zo rabon gida, dokar gado ta 1985 ta shigo da nata lissafin da ya sha bamban da na Shari'a. A nan za ka ga uwar marayu tana yawo tsakanin limami da lauya. An daɗe ana maganar sabuwar doka. Buhun shinkafa nawa ne zai gyara wannan? Majalisa ce kaɗai ke iya gyarawa.

Haka Asusun Raya Zango da aka kafa da doka a 2017, har da ma'aikata sukutum da aka rushe a 2021. Nawa aka ware, nawa aka saki, ina ya tafi, duk tambayoyi ne da ɗan majalisa ke da ikon kiran minista ya amsa a bainar jama'a. Haka rikicin 2021 da aka hana ɗalibai Musulmi azumi a makarantar Wesley Girls. Kuma in an matsa ana samu: a 2025 majalisa ta gyara dokar ranakun hutu, aka ƙara kwana guda bayan ƙaramar Sallah.

Na san uzurinsu, kuma wani ɓangarensa gaskiya ne. Za su ce mu ne muka mai da su injin cire kuɗi, wayarsu ba ta hutawa, wanda ya tsaya karatun ƙudiri a Akra bai zaga jana'iza ba wakilan jam'iyya za su kayar da shi. Za su ce sashe na 108 ya hana su kawo dokar da za ta ci kuɗin gwamnati, kuma tunda tsarin mulki ya ce yawancin ministoci daga majalisa za a ɗauko su, mai hangen kujerar minista ba zai takura wa gwamnatinsa ba. Mu ma muna ɗora musu kwata da kwalbati, alhali aikin asambuli ne, inda ɗan majalisa ke zama babu ƙuri'a. To amma tun 2020 an buɗe ƙofar ɗan majalisa ya kawo ƙudiri da kansa. Francis-Xavier Sosu na Madina ya bi ta, a Yulin 2023 majalisa ta amince da ƙudirinsa na cire hukuncin kisa daga dokar manyan laifuka. Ko ka yarda da shi ko ba ka yarda ba, mutanen Madina suna da abin kamawa su ce ga abin da wakilinsu ya yi.

Abin da nake nema ba shi da tsada. Duk lokacin da majalisa ta tafi hutu, Onarabul ya zo gaban sarkin Zango da limamai da iyayenmu mata da matasa, ya faɗi da bakinsa, da Hausa ko Twi ko Dagbani, zama nawa ya halarta, tambaya nawa ya yi, da inda ya tsaya a kan kowace babbar doka. Yaranmu da suka yi jami'a su sauko da takardun majalisa a waya su gwada maganarsa da abin da ke rubuce, gidajen rediyonmu su karanta wa jama'a. 'Yan majalisa Musulmi kuma suna da ƙungiyarsu a zaure, ta haɗa NDC da NPP. Ranar da aka kawo dokar aure, ko kasafin Asusun Zango, ko maganar addini a makarantu, ɗaya daga cikinsu ya miƙe ya nemi a raba zaure, a rubuta kowa da sunansa.