Amarya Ba Ta Laifi

Duk wanda ya sauya zuwa sabuwar waya mai tsada, kalamansa a makon farko iri ɗaya ne: ga sauri, ga hoto tangaran, ga caji mai kai wa dare. Ɗokin amarci ne ke magana, bai kamata a ɗauke shi shaida ba.

Da tsohuwar wayarsa yake yin awo, wadda batirinta ya gaji. A Disambar 2017 kamfanin Apple ya amsa cewa yana rage saurin tsofaffin iPhone masu raunin batiri. A 2020 Faransa ta ci shi tarar Yuro miliyan 25 saboda bai sanar da masu wayoyin ba. Sabon batiri kawai suke buƙata.

Galaxy Note 7 ta sha yabo a Agustan 2016. A watan Oktoba Samsung ya daina ƙera ta, domin batirinta na kamawa da wuta.

Kafin ma'aikaci ya zuba albashin watanni, ya nemi wanda ya shekara da wayar, ya tambaye shi ƙarfin batirinta yanzu da kuɗin sauya gilashinta idan ya fashe.