Kafin Ka Zargi Batir, Nemi Ɓarawon Cikin Gida

A wannan wata za mu ɗan ajiye alli mu leƙa ƙarƙashin bonet, domin wani abu ya same mu wanda muke jin masu tsofaffin motoci a zangunanmu da yawa sun taɓa ɗanɗanarsa.

Motarmu tsohuwar Toyota Corolla ce ƙirar 1998. Ranakun zuwa makaranta lafiya lau take tashi, amma in ta yi kwana uku ko huɗu a ajiye, sai a murɗa makulli a ji ƙas-ƙas, daga nan sai turi. Batir biyu muka saya cikin shekara guda, kowa kuwa ya san albashin malami. Abin bai dame mu sosai ba sai wani dare lokacin hutu, da maƙwabcinmu ya ƙwanƙwasa ƙofa iyalinsa na naƙuda, mota ta ce ba ta san zancen ba. Allah Ya taimaka aka samu tasi, ta kuma sauka lafiya, amma kunyar wannan dare ita ta kai mu Suame Magazin a nan Kumasi, wurin wani dattijo mai gyaran wayarin mota.

Muka ce, "Baba, batir ne ya sake mutuwa." Ya yi dariya ya ce, "Malam, in tulu na yoyo, ba rijiya ake canzawa ba." Ga yadda ya bi abin daki-daki, kuma duk mai ƙaramar mitar awon lantarki zai iya yi a ƙofar gidansa.

Da farko ya wanke batir da injin caji daga zargi. Lafiyayyen batir mai cikakken caji, in ya huta, yakan nuna bolt 12.6; in ya nuna 12.2 ya kusa rabi. Idan inji na aiki kuma, sai a ga tsakanin 13.8 da 14.5, alamar altaneta na zuba wuta. Namu duk sun ci wannan jarrabawa bayan an yi caji, saboda haka saura ɓarawo.

Na biyu, ya kashe mota, ya zare makulli, ya rufe ƙofofi. Ya kwance wayar kan batir mai alamar ragi (-), ya juya mita zuwa awon amfiya 10, ya ɗora tsinke ɗaya a kan batir ɗaya kuma a jikin wayar da ya kwance, yadda duk wutar da za ta fita sai ta ratsa mita. Motar da ke barci tana ɗan shan wuta saboda agogo da ƙwaƙwalwar rediyo, amma bai kamata ta wuce amfiya 0.05 ba. Tamu sai ga ta wajen 0.45.

Na uku, ya shiga zare fiyus ɗaya bayan ɗaya yana mayarwa, mu kuma idonmu na kan mita. Da ya zare na fitilun ciki sai lamba ta faɗi warwas. Ashe ƙwan fitilar but ne ba ya mutuwa, domin ɗan makunninsa ya lalace garin ɗurar buhuna. Da ya so mu gani da idonmu, sai ya sa wayarmu ta hannu tana ɗaukar bidiyo a cikin but ya rufe. Ga fitila nan tar!

To, bari mu yi lissafi irin na aji. Ƙwai mai wat 5 a kan bolt 12 yana jan kusan amfiya 0.4. A sa'a 24 ya sha kusan 10 ke nan daga batirin da aka rubuta wa 60Ah. Kwana shida ya ƙwanƙwaɗe shi tas, tun kafin nan ma, in batirin ba sabo ba ne, ƙarfin juya inji ya gaza. Kuma batirin mota ba ya son a riƙa tatse shi ƙarƙaf, domin duk lokacin da ya zauna babu caji wani farin gishiri yakan daskare a farantan dalmar da ke ciki, ƙarfinsa ya ragu har abada. Mu da kanmu muka kashe batiran da muka riƙa zagin mai sayar da su.

Dattijon ya ƙara mana da cewa in an zare fiyus duka lamba ba ta sauka ba, a duba altaneta, don in wani abu da ake kira dayod ya ƙone a cikinta, wuta takan koma da baya cikin dare. A kuma tuhumi duk abin da aka ƙara wa mota daga baya, kamar rediyon da aka jona kai tsaye da batir, da jiniyar ɓarayi, da cajar waya da ake mantawa a soke.

Gargaɗi biyu: kada a yi kuskuren tayar da mota mita na jone, za ta ƙone nan take, kuma a cire zobe da agogon ƙarfe kafin a taɓa batir. Masu sababbin motoci su jira kamar rabin sa'a kwamfutar mota ta yi barci kafin su yarda da abin da mita ta nuna. In gyara bai samu da wuri ba, a riƙa kwance wayar ragi duk lokacin da mota za ta daɗe a ajiye.

Kuɗin sabon makunnin da aka sa mana bai kai na kwanon shinkafa ba. Mota a zango kuwa ba ta mai ita kaɗai ba ce, ita ce ta asibiti, ita ce ta jana'iza, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Sai wata mai zuwa in Allah Ya kai mu.