Sanƙarau da Digirin Digirgir: Kira ga Ɗaliban Ƙasar Kazaure

Duk wanda ya tashi a Kazaure ko Ɓaɓura, Roni ko Gwiwa, ya san fargabar da kan sauka a zukatan iyaye idan bazara ta kama, zafi ya tsananta. Lokacin sanƙarau ke nan, cutar da kan sandare wuyan yaro cikin kwana guda. A shekarar 1996 ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ta hallaka sama da 11,000. A 2023 kuwa, Jihar Jigawa ce ta fi kowace jiha yawan waɗanda suka kamu.

Ra'ayina shi ne, lokaci ya yi da ɗalibanmu za su nemi digirin digirgir a fannin nazarin ƙwayoyin cuta da na'ura mai ƙwaƙwalwa. Ga dalili.

Kowace ƙwayar cuta tana ɗauke da kundin gadonta, wanda aka rubuta da haruffa huɗu kacal. Na ƙwayar sanƙarau ya kai haruffa wajen miliyan biyu, abin da ido ba zai iya bi ba. Na'ura ce ke jera su, masani kuma ya kwatanta na wannan majinyaci da na wancan, har ya gane dangin ƙwayar, da hanyar da ta biyo, da maganin da ta daina ji.

Amfanin wannan ya riga ya bayyana. Bayan da allurar MenAfriVac ta karya lagon nau'in A, sai wani sabon iri na nau'in C ya ɓulla a yankin Sakkwato a 2013, ya addabi Nijar a 2015, ya dawo mana da ƙarfi a 2017. Da masana suka karanta kundinsa, sai suka gano cewa asalinsa ƙwaya ce mai zaman lafiya a maƙogwaron mutane, wadda ta aro makaman cutarwa daga 'yan'uwanta. Irin wannan sani ne ke nuna allurar da ta dace, kamar Men5CV mai kare nau'i biyar, wadda Nijeriya ta riga kowace ƙasa fara amfani da ita a 2024.

To, abin tambaya shi ne, mutum nawa ne daga cikinmu ke iya wannan karatu? Hausawa kan ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ɗan Ɓaɓura ya san ranakun kasuwa da zirga-zirgar kan iyaka zuwa Magarya, wadda ƙwayar cuta ba ta neman biza kafin ta bi. Baƙo ba zai ga wannan a na'ura ba.

Wani zai ce aikin ya fi ƙarfinmu. Amma a Ede, cikin Jihar Osun, cibiyar ACEGID ta Farfesa Christian Happi ce ta fara karanta kundin ƙwayar korona a Afirka a 2020. Ga Jami'ar Fasaha ta Tarayya a Ɓaɓura, ga kwalejin Hussaini Adamu a Kazaure, ga kuma asusun TETFund da ke ɗaukar nauyin malamai.

Mu kuma na Sashen Hausa, namu ne mu ƙirƙiro kalmomin da za su kai wannan ilmi har zauren mai unguwa. Allah Ya sa mu dace, amin.