Shekara Talatin Kuna Ce Mata Mahaukaciya, Yanzu Kuma Kun Zo Da Furanni

Ranar 26 ga Yulin 2023 aka tarar da mawaƙiyar Ailan Sinéad O'Connor ta cika a gidanta da ke Landan, tana da shekara 56. Kafin gari ya waye, jaridu da gidajen talabijin na Ingila da Amurka sun cika duniya da kirari: jaruma, mai faɗin gaskiya, muryar da ba a yi irinta ba. Kafofin nan dai su ne suka kwashe shekara talatin suna cin abinci da sunanta, suna buga hotonta duk ranar da ta fashe da kuka a bainar jama'a, suna tambayar masu karatu ko yau kuma wace tsiyar ta tsiro da ita. Wannan yabon ihu ne bayan hari, kuma ni tafasa yake sa ni.

A tuna abin da ya jawo mata baƙin jini. Ranar 3 ga Oktoban 1992, a shirin Saturday Night Live da ake watsawa kai tsaye daga New York, ta tsaya ita kaɗai babu kiɗa ta rera waƙar War ta Bob Marley, ta sauya wasu kalmomi suka koma magana kan cin zarafin yara. Da ta gama sai ta ɗaga hoton Fafaroma John Paul na Biyu ta kekketa shi. Cikin 'yan kwanaki aka tara fayafayenta a titi aka bi ta kansu da motar daddaɓe kwalta. Mako na gaba ɗan fim Joe Pesci ya tsaya a shirin ya ce da shi ne a wurin da ya sharara mata mari, jama'a suka yi ta tafi. Namiji ya yi alkawarin dukan mace a talabijin, kuma shi ne ya tashi da lada. Mako biyu bayan keta hoton, a taron karrama Bob Dylan da aka yi a Madison Square Garden, dubban mutane suka yi mata ihu har ta kasa rera waƙar da ta shirya. Mawaƙi Kris Kristofferson ne ya rungume ta yana ba ta baki. Shekararta 25 a lokacin.

To me aka gano daga baya? A 2002 jaridar Boston Globe ta bankaɗo yadda shugabannin cocin Katolika na Boston suka riƙa rufa wa limamai masu lalata da yara asiri. A 2009 rahoton Ryan da rahoton Murphy suka fito a ƙasarta ta Ailan, suka tabbatar da duka da fyaɗe da ɓoye laifi na shekaru masu yawa a makarantu da gidajen marayu da majami'u. A 2010 Fafaroma Benedict ya rubuta wa Katolikan Ailan wasiƙar ban haƙuri. A 2013 firaministan Ailan Enda Kenny ya tsaya a majalisa ya nemi gafarar matan da aka tsare a gidajen wanki na Magdalene na 'yan sista. Kowa ya sami nasa ban haƙurin. Yarinyar da ta riga kowa faɗa, ita dai aka bar ta da sunan mai taɓin hankali.

Na san akwai Kiristoci masu tsoron Allah da keta hoton nan ya yi wa ciwo, kuma ciwon nasu na gaskiya ne. Ba na raina shi. Sai dai wanda ya karanta Rememberings, littafin tarihin rayuwarta da ya fito a 2021, zai ga abin ta wata fuska. Hoton na mahaifiyarta ne, daga bangon ɗakinta ta cire shi bayan uwar ta rasu a haɗarin mota a 1985. Uwar ce kuma ta ce ta gana mata azaba tun tana ƙarama. Tana da shekara 15 aka kai ta wani gidan gyaran tarbiyya na 'yan sista a Dublin saboda ƙananan sace-sace da gudun makaranta, ta yi wata 18 a ciki. Wato maganar da ta yi a talabijin daga jikinta ta fito. Ita kanta yarinyar da ake magana a kai ce.

Abin da ya ƙara ƙona mini rai shi ne yadda aka karanta littafin. Masu sharhi da yawa suka ruga shafin da ta ba da labarin daren da ta ce mawaƙi Prince ya tsorata ta a gidansa na Hollywood, suka yi ta yayata shi, don shi ne mai kawo ciniki. Ga mace ta zauna ta rubuta yadda kamfanin waƙa ya so ta tara gashi ta sa gajeren siket, ta je ta aske kanta ƙwal. Ta rubuta cewa waƙar da ta kai ta lamba ɗaya a duniya ita ce ta kauce da ita daga hanya, keta hoton kuma shi ya dawo da ita, domin tun farko mawaƙiyar gwagwarmaya ta ɗauki kanta. Ta faɗi yadda tiyatar cire mahaifa da aka yi mata a 2015 ta rikita mata tunani har shekaru suka ɓace mata. Littafin cike yake da barkwanci da kaifin basira. Amma an riga an yanke mata hukunci, don haka abin da zai gaskata hukuncin kawai aka shiga nema.

Ban ce waliyiya ba ce. Tana da zafin kai, tana yin magana kafin ta auna. A 2018, bayan ta musulunta, ta rubuta kalamai marasa daɗi kan fararen fata waɗanda ba Musulmi ba, ta zo ta nemi afuwa daga baya. Ta sha faɗa da 'yan uwanta a idon duniya. Ita da bakinta ta ce tana fama da ciwon ƙwaƙwalwa. Amma tun yaushe rashin lafiyar mutum ya zama hujjar ƙaryata shi? Mawaƙa maza nawa suka farfasa ɗakunan otal, suka doki matansu, aka ce ai halin masu baiwa ne?

Baiwar kuwa, ita aka fi zalunta. Tambayi mutum goma, tara za su ce maka Nothing Compares 2 U ta 1990, waƙar da ma Prince ne ya rubuta. Kaɗan ne suka san tana da shekara 20 ta shirya kundinta na farko, The Lion and the Cobra, da kanta, da tsohon ciki. Muryarta kan sauko har kamar raɗa take yi maka a kunne, sai ta ɗaga ta lokaci guda tsigar jikinka ta tashi, ba tare da ta kauce wa sautin ba. A 2002 ta rera tsofaffin waƙoƙin gargajiyar Ailan a Sean-Nós Nua. A 2005 ta fitar da kundin rege, Throw Down Your Arms, wanda ta yi a Jamaika tare da makaɗa Sly da Robbie. An ba ta kyautar Grammy a 1991 ta ƙi zuwa karɓa. Duk wannan aiki an binne shi ƙarƙashin labarin askakken kai da yagaggen hoto.

Mu ma Musulmi kada mu yi saurin wanke hannu. Da ta karɓi Musulunci a 2018, ta koma Shuhada' Sadaqat, mun yi kabbara, mun yi ta yaɗa hotonta da hijabi. Da ta rasu, mun ji haushin kafofin da suka ɓoye sunanta na Musulunci, kuma haushin yana kan hanya: Shaihu Umar Al-Qadri ne ya jagoranci addu'ar jana'izarta ranar 8 ga Agusta, shugaban ƙasar Ailan na lokacin Michael D. Higgins yana wurin. Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya, shahararren sunan muke so. Da a cikinmu ta tashi ta nuna wani babba da yatsa ta ce yana cutar yara, da mun ce fitsararriya ce, ko aljanu ne, a kai ta a yi mata ruƙiyya, a rufa wa malam asiri. A Janairun 2022 ɗanta Shane ya mutu yana da shekara 17, ta yi ta kuka a Twitter duniya na gani. Mu nawa muka tuna da 'yar uwarmu a ranar?

Ko bayan an binne ta ba a bar ta ta huta ba. A Maris ɗin 2024 sai da magadanta suka fito suka buƙaci Donald Trump ya daina sa waƙarta a gangamin siyasarsa, mutumin da ta tsana tun tana raye kuma ba ta taɓa ɓoyewa ba.